Masaukin Baffa Mode

Ranar da aka kafa allon ƙarfe a ƙofar Gidan Dodo har da masu ɗaukar hoto aka zo, aka jera kujerun roba a lungun da ko amalanke da ƙyar take juyawa a cikinsa. Wani babban jami'i daga hukumar kula da kayan tarihi ya yi jawabi mai tsawo, ya ce daga yau gidan nan ya shiga sahun wuraren tarihi, ba na maigidansa Mika'ilu kaɗai ba ne, na al'umma ne baki ɗaya. Aka tafa. Mika'ilu ma ya tafa don ya ga kowa na tafawa, alhali da ya tsaya ya auna maganar da ya gane rabin gidansa aka karɓe yana zaune, ana yi masa murmushi. To amma wa ke auna magana ranar da aka zaunar da shi a kujerar gaba?

Gidan kuwa ya ci allonsa, kada a yi masa ƙwauro. Dodo, kakan Mika'ilu, fatoma ne. Shi ke saukar da fataken shanu, ya ba su wurin kwana da ruwan wanka da tuwo, ya tsaya musu a kasuwa har a sayar, sannan ya ɗauki la'adarsa. Kwana da ci ba a biya, ba a kuma taɓa biya ba, a kan shanun ake samun abin da za a samu. Don waɗannan baƙin ya sa aka gina zauren nan mai ɗaurin guga, wato rufin ƙasa mai lanƙwasa, wanda za ka shiga da tsakar rana a watan bazara ka ji kamar an kwara maka ruwan randa. Bayan Dodo ɗansa Uba ya riƙe gidan, bayan Uba sai Mika'ilu, kuma a hannunsa zamani ya juya. Manyan motoci suka kashe korar shanu a ƙasa, fatake suka koma sauka da safe su juya da yamma, masu kwana kuwa sai su kama ɗakin haya a bakin Kara, kasuwar shanu, kusa da dabbobinsu.

Mutum ɗaya ya rage, Baffa Mode. Bafillace ne daga can bayan Illela, aminin marigayi Uba, tsoho siriri wanda magana ba ta dame shi ba. Shi kam in ya tashi kawo shanu sai ya riga motar tasowa, ya zarce Gidan Dodo, ya ajiye jakarsa a kusurwar zaure ta gabas, ya yi wanka, ya sha fura, sannan su rankaya Kara shi da Mika'ilu su tari kaya. La'adar shanun Mode ita ke riƙe da tukunyar gidan, wannan kowa ya sani. Amma ba ita ce ta fi tsaya wa Mika'ilu a rai ba. Muddin Mode na sauka a zauren nan, to shi fatoma ne ɗan fatoma jikan fatoma. Ranar da Mode ya daina, ya zama dillali kurum irin na bakin turke, mai ƙaton zaure ba mai kwana a ciki. Wannan ranar yake tsoro, ya fi tsoronta a kan talauci.

Sai da masu jawabi suka watse aka kwashe kujeru, sannan sharuɗɗa suka fara ɓullowa. Ba a sa siminti, ba a ɗora kwano, ba a fasa katanga. Na ƙarshen nan shi ya fi ƙona ran Jafar, ƙanen Mika'ilu, mai sayar da kayan waya a Mabera, don ya daɗe yana burin a fasa katangar da ke kallon titi a fitar da shaguna, yadda maƙwabta suka yi suna karɓar haya suna miƙe ƙafa. In gini ya tsage, da ƙasa za a gyara da azara da makuba, yadda Dodo ya bar shi. To ƙasar gini a Sakkwaton yau ba a bayan gari take ba, bayan garin ya zama gidaje, sai an yi hayar tifa an tafi nesa. Maginan da suka iya ɗaurin guga kuma duk sun tsufa, wanda ya rage sai ka yi ta zarya kana lallashi kamar 'yarsa kake nema. Mutum ya wayi gari ƙasa ta fi ƙarfinsa, siminti kuma an hana shi.

An dai yi musu alkawari cewa masu yawon buɗe ido za su zo, unguwa ta amfana. Kuma sun zo, ba a yi ƙarya ba. Ɗaliban jami'a da littattafansu, 'yan makaranta cike da bas, ma'aikata daga Abuja da suka zo taro aka ce a zagaya da su kafin jirgi, ango da amarya masu neman bangon da za su jingina a ɗauke su hoto, jifa-jifa kuma Bature ɗaya ko biyu da zafi ya mayar da fuskarsu ja.

A nan Mika'ilu ya tafka tasa. Shi a iya saninsa, duk wanda ya yi sallama a zauren nan baƙo ne, baƙo kuwa hakkinsa sananne ne. Sai a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwan sanyi, a biyo da fura, a fasa goro. Ya zagaya da su ya ba su labarin Dodo, in sun tashi ya raka su har bakin titi, ya tsaya sai motarsu ta ɓace. In wani ya sa hannu a aljihu, sai Mika'ilu ya ja da baya kamar an miƙo masa garwashi.

"Subhanallahi. Gidan Dodo na. Ba a biya nan."

Su kuwa su tafi suna yabon karamcin Sakkwatawa, su gaya wa na bayansu, na bayan su zo da ƙari. Har ta kai akwai samarin da tarihin bai sha musu kai ba, furar suke biyowa. Yana tsakiyar ciniki a Kara, mai saye ya taya, mai shanu ya fara sassautowa, sai waya ta yi ƙara a ce ga bas a ƙofar gida. Haka zai saki igiya ya tari babur ɗin kabu-kabu, kafin ya dawo wani dillali ya ƙulla cinikin ya ci la'adar. Abokan sana'a suka laƙaba masa Sarkin Tarihi, in ya doso su miƙe suna yi masa jinjina, shi kuma ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba.

Ikilima, matarsa, ita ce ta fara magana, kuma ba da faɗa ba. Ya shigo wata rana bayan ya raka wasu, ya tarar da ita zaune bakin murhu tana matsa wuyan hannunta.

"Malam, gero ya ƙare."

"Wanda anka awo ranar Jumma'a?"

"Shi."

Ya ce, "Baƙonka annabinka, Ikilima."

"Na sani. Ni ma gidan mutane anka haihe ni. Amma baƙin Baba Uba da shanu sunka zo. Waɗanga da waya sunka zo, su ɗauki hoton bango su tahi. Kai ana gode maka bakin titi, ni ko hannuna ya mutu ga damu, ba wanda ya san da ni."

Shi ma ya gaji. Gwiwoyinsa sun gaji da rakiya, bakinsa ya gaji da labarin Dodo, labarin da a da in ya tuna sai tsigar jikinsa ta tashi, yanzu kuwa yana faɗarsa yana tunanin kuɗin nono. Irin gajiyar nan ce da mutum zai kwana ya tashi da abarsa. Amma ya karɓi kuɗi a hannun wanda ya yi masa sallama, wannan bai ga ta inda zai fara ba.

Damina ta zo ta raba gardama. Soron ya tsage, ruwa ya fara ɗiga, kuma bai tashi ɗiga ko'ina ba sai daidai kusurwar gabas inda Mode ke shimfiɗa. Aka tara baho. Jafar ya goya yayansa a babur suka tafi ofishin hukumar, suka yi zaman benci har ƙafa ta yi tsami, sannan aka shigar da su wurin Malama Rahama, jami'ar da gidan ke ƙarƙashin kulawarta. Mace ce mai kirki, ita ma da ganinta ka san ta gaji da ba mutane haƙuri. Ta ce kuɗin gyara an sa su a kasafi, ba su dai fito ba, kuma ba za ta yi musu ƙaryar ranar fitowarsu ba. Amma akwai hanya. In maigida ya yarda, hukuma za ta turo mutum ya zauna a ƙofa yana yankar tikiti, kaso ya tafi gyara, kaso ya shiga gida. Jafar ya amsa tun ba ta rufe baki ba. Mika'ilu ya ce zai yi shawara.

Shawarar a zaure aka yi ta, su biyu a tsaye kan bahon da ya kusa cika.

"A ƙofar Dodo a aje tebur?" in ji Mika'ilu. "Mutum ya yi sallama a ce mishi kawo kuɗi?"

"Yaya, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi mishi aski. Kai kat tafa ranar da anka kafa allon ga, ni ina gehe ina kallonka. Sun hana mu shago, sun hana mu kwano, ɗan abin da sunka bar muna kuma kai ka hana kanka."

"Ba a yi haka gidan ga ba."

"Ba a yi allo ba ma. To a bari soron ya faɗi? In ya faɗi, ina Baffa Mode za shi kwana, bisa allo?"

Wannan ce ta karya shi. Ya dubi ɗigon ruwan, ya dubi kusurwar, ya ce a yi, amma da sharaɗin shi ba zai tsaya ana karɓa a gabansa ba.

Aka turo Tukur. Bakano ne da aiki ya kawo shi Sakkwato, dattijo mai furfura a gemu, tsohon masinja, mutum mai amana wanda ko ɗan uwansa ya zo sai ya yanka masa tikiti. Bai san kowa a unguwar ba, ba kuma laifinsa ba ne. Ya kafa ɗan teburinsa a gindin allo. Daga ranar Mika'ilu ya ƙaurace wa ƙofar gidansa, ya koma fita ta ƙofar baya kamar mai gudun surukai. In sun haɗu da Tukur a masallaci su gaisa, lafiya lau, madalla, kowa ya kama gabansa.

To ga inda abin yake ba ni haushi. Magana ɗaya ce tak ta rage masa ya faɗa: Malam Tukur, akwai wani tsoho mai suna Mode, in ya zo gidansu ya zo. Shi ke nan fa. Sau da yawa ya doshi teburin da niyyar faɗa, sai harshensa ya yi nauyi, don in ya ce wane ba ya biya, ya faɗa ke nan da bakinsa cewa saura suna biya, kuma shi ya sa. Sai ya zarce da tambayar lafiyar iyali. Mode ma sun yi waya ba sau ɗaya ba, a gaisa, a tambayi ruwa, a tambayi ciyawa, a tambayi farashi a Kara, har a yi sallama bai ce uffan ba. Yana cewa a ransa irin wannan ba maganar waya ba ce, sai ido da ido. Kuma ai Mode ba ya tasowa sai ya kira tun ana gobe, sai ya je ya tare shi a tasha ya yi masa bayani a hanya. Kunya ce, ba wani abu ba, ya yi mata rawani ya kira ta dabara.

Gaskiya kuma ba a ƙi faɗarta, tikitin ya yi rana. Kafin kaka aka kawo ƙasa tifa guda, tsohon magini ya zo da mutanensa suka ɗinke tsagar, suka shafe soron da makuba, aka sa sabon indararo. Furar Ikilima ta koma ta sayarwa, a kofi, Tukur ke miƙawa, har ta sayi kula ta ɗauki mai taya ta daka. Badukun da ke maƙwabtaka ya fito da jakunkuna da takalman fata ya baza a bakin lungu, masu kabu-kabu suka san gidan ba sai an yi musu kwatance ba. Mika'ilu ya samu ya riƙa wuni a Kara ba mai kiransa. Ikilima ta ce har wuyansa ya ciko. Ya ji daɗin hutun, ya kuma ji haushin kansa da ya ji daɗin.

Malama Rahama ta zo duba gyara, ta ga wani tsohon buzu da buta da sanda a jingine a kusurwar gabas. Kayan Mode ne, a nan yake barinsu daga zuwa sai zuwa. Ta yi murna, ta ce ai wannan shi ne abin da masu kallo ke son gani, ta sa aka kewaye wurin da igiya don kada a taɓa. Mika'ilu ya ga igiyar da yamma. Ya ce ba komai, ranar da Baffa ya kira sai a kwance.

Baffa bai kira ba. Wayarsa ta faɗa rijiya wurin shayar da shanu, shi kuwa bai ga dalilin neman aron waya don zai je gidan da ya fi shekarun Mika'ilu yana zuwa ba. Ranar kuma Mika'ilu na unguwar Gidan Dahala wurin ta'aziyya, ya kashe ƙarar wayarsa. Sai da aka shafa fatiha ya fito yana neman takalmi, ya ga kiran Ikilima jere.

"Malam, Baffa Mode ya zo."

"Alhamdu lillahi. A kai mishi ruwa, ga ni nan."

"Ya tahi."

"Kara?"

"Ban sani ba. Tarinshi na jiya cikin zaure, na san shi ko cikin barci. Zauren cike da ɗalibai, har da maza, ba ni iya hita. Na yi ta kiranka. Kahin in sa hijabi in zagayo ta baya in tare shi, ya hita lungu."

Rabon Mika'ilu da shiga ta ƙofar gaba an daɗe, amma ranar ta nan ya zo. Tukur ya miƙe ya gaishe shi, ya ji tambayar ko wani tsoho ya zo, ya ɗan yi tunani.

"E, an yi wani tsoho Bafillace da jaka. Ya yi sallama zai wuce kai tsaye, na ce Baba, ana yankar tikiti. Ya dube ni, ya dubi allo, ya ce tun yaushe? Na ce tun damina. Ya ce maigidan ya sani? Na ce ai da izininsa nake zaune. Shi ke nan, ya zaro lalitarsa ya biya. Ko gardama bai yi ba, wallahi ya fi 'yan boko sauƙin kai."

"Ya shiga?"

"Ya shiga. Na haɗa shi da ɗaliban na zagaya da su. Na nuna musu kusurwar nan na ce nan fatake suke kwana a zamanin da. Ya daɗe a tsaye a bakin igiyar. Har wata ɗaliba ta roƙe shi ya tsaya ta ɗauke shi hoto a wurin, wai ya yi kama da mutanen da. Ya tsaya ta ɗauka. Maigida, lafiya? Ko na yi wani kuskure ne?"

Mika'ilu ya so ya yi faɗa, ya nemi wanda zai yi wa ya rasa. Mutumin nan bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba, da izininsa yake zaune. Ya ce, "Ba ka yi ba, Malam Tukur," ya juya.

A Kara ya same shi, a inuwar wata rumfa, zaune kan jakarsa yana jan carbi. Mika'ilu ya cire takalmi ya durƙusa. Aka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida, iyali, shanu, hanya, gajiya, aka sake zagayowa kanta, duk lafiya, sai alheri. Fuskar Mode ba ta nuna komai ba. Su irin renon da aka yi musu ke nan, ko wuƙa aka caka wa mutum ba zai bari ka gani a idonsa ba.

"Na ga gida," in ji Mode. "An gyara. Da Uba ya gani da ya ji daɗi."

"Baffa, kuskure anka yi. Mutumen baƙo na, bai san ka ba. Laihina na, ni ban gaya mishi ba, kai ma ban gaya maka ba. Ka yahe mini."

"Ba laihi. Aikinshi ya yi. Mutum na mai ladabi, har kujera ya ba ni."

"To tashi mu tahi gida. Ikilima ta ɗora ruwan wanka."

"Na kama ɗaki nan baya."

"Baffa."

"Ƙafafuna sun tsufa, Mika'ilu. Nan ya hi kusa da shanu." Ya ja carbinsa. "Mota na bisa hanya, kahin la'asar ta iso. Kai za ka sayar, kamar kullum. Ban da wani dillali garin ga sai kai."

Da a ce shanun ya hana shi, da Mika'ilu ya san abin yi. Da ya yi ta roƙo, ya ɗauko dattawan Kara su sa baki, a yi fushi a huce. Amma an bar masa la'adarsa cif, an kuma kira shi da sunan da yake gudu, cikin ruwan sanyi, ba tare da niyyar zagi ba. Ya sake roƙo, ya haɗa da darajar Uba, ya ce yanzun nan zai je ya tsinke igiyar, ya ce in Baffa na so gobe ba tebur a ƙofar. Mode ya ce a'a, kada a ɓata abin da ya gyara gida, ai soron ya yi kyau. Daga nan ya koma maganar wani bijimi da ya rame a hanya.

Motar ta iso, aka sauke, aka ɗaure a turaku. Mika'ilu ya yi aikin da hannunsa ya saba, ya duba haƙori, ya shafa tozo, ya amsa masu tayi, hankalinsa ba ya wurin. Abin da ke masa yawo a kai shi ne, abin da baki ya kasa, wataƙila tuwo ya iya. Tun Mika'ilu na yaro Mode ke cin tuwon gidan nan, na uwarsa ya fara ci, ya dawo na Ikilima. In ya ci, to ba a rabu ba, gobe ko jibi ya ɗauki jakarsa ya biyo shi.

Ya koma gida ya tarar Ikilima ta riga shi tunani. Ta yanka zabo, ta tuƙa tuwon gero, ta kaɗa miyar kuka da man shanu yadda tsohon ke so, ta dama fura da nono mai kauri, ba irin ta kofin masu kallo ba. Idanunta sun yi ja, ta ce hayaƙi ne. Ta ɗaure kwanonin a ƙyalle ta ce a nemi wanda zai kai. Ya ce shi zai kai. Haka ya hau kabu-kabu, magidanci da furfurarsa, rungume da kwanon tuwo a cinya, miya na ɗiga a rigarsa, ya ratsa gari kowa na kallo bai damu ba.

Ɗakin ɗan ƙuƙut ne, katifa ɗaya a ƙasa, bangon duk tabon hannun waɗanda suka kwana kafin shi. Rana ta yi sanyi, ana jiyo kukan shanu ta taga. Mika'ilu ya yi sallama, ya durƙusa ya kwance ƙyallen, ya buɗe kwanonin ɗaya bayan ɗaya ya tura gabansa.

"Ikilima na gaishe ka. Tac ce ka yi haƙuri da shi."

Mode ya sunkuya, ƙamshin ya buge shi, fuskarsa ta saki karo na farko tun da suka haɗu. "Hannun Ikilima," ya ce. "Allah shi yi mata albarka." Ya jawo buta ya wanke hannu. Zuciyar Mika'ilu ta fara sauka.

Har ya kai hannu kan tuwon sai ya tsaya. Ya janye, ya goge a gefen riga, ya shiga laluben aljihu.

"Mika'ilu, kada ka ji haushina. Ni tsoho na, daji nike, ban san tsarin yanzu ba. Ɗazu na so in wuce ban biya ba, gaban yara, don rashin sani, har sai da bawan Allah ya tsai da ni. Na ji kunya, na kuma ba gidan Uba kunya. Ba ni son in sake." Ya ɗago kai. "Tuwon ga, nawa na?"

Mika'ilu ya ƙura masa ido yana neman gatse, yana roƙon Allah ya sa gatse ne, ya sa tsohon ramuwa yake yi. Bai samu ba. Tsakani da Allah yake tambaya.

Mika'ilu ya zauna daɓas a kan siminti. Mode kuwa na jira, hannunsa a aljihu, tuwo na hucewa.